ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: WA ZAI ƊAUKI NAUYIN LAFIYAR MATANMU?



Babban zaɓe ya ƙarato. Nan da ɗan lokaci 'yan takara za su cika garuruwanmu da ƙauyukanmu, wasu da atamfa, wasu da sabulu da taliya, kowa yana rantsuwa shi ne masoyin talaka. Mu dai magana guda muka zo maka da ita, maganar ran matarka da ƙanwarka da 'yarka a ranar da naƙuda ta tashi. Ka sami wuri ka zauna ka karanta wannan takarda a tsanake. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, karanta masa, musamman iyaye mata, don maganar tasu ce.

ABIN DA KE FARUWA A ƊAKIN HAIHUWA

Hukumar Lafiya ta Duniya tare da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi lissafi cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duk duniya saboda ciki da haihuwa. A cikinsu kimanin 75,000 'yan Nijeriya ne. Wato in aka jera gawar mata huɗu da haihuwa ta kashe a duniya, fiye da ɗaya tamu ce. In ka raba wannan adadi bisa kwanakin shekara, za ka ga mace sama da 200 ke nan kullum, mace ɗaya a kowane minti bakwai. Kafin ka gama karanta wannan takarda an yi wa wani gida ta'aziyya.

Kuma kowa ya san inda abin ya fi tsanani. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mata 16 kacal cikin 100 ke haihuwa a asibiti. Saura a ɗaki suke durƙusawa, daga su sai tsohuwar ungozoma sai ikon Allah.

Me ke kashe su? Ba wata baƙuwar cuta ba ce da ta gagari likitoci. Zubar jini ne bayan haihuwa, da jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin jego, da ƙarancin jini a jikin mai ciki. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Akwai allurar tsayar da jini, akwai allurar jijjiga, akwai ƙarin jini, akwai tiyata in ɗa ya ƙi fitowa. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuwa, sau da yawa yoyon fitsari ke biyo baya, miji ya sake ta, dangi su ware mata kwano. Je ka Babbar Ruga a Katsina, ko Ningi a Jihar Bauci, ko Jahun a Jihar Jigawa, ka ga 'yan mata ƙanana a layi suna jiran ɗinki. Gani ya kori ji.

Mutuwa ta Allah ce, babu mai musun wannan. Amma sakaci na mutum ne, kuma za a tambayi kowane shugaba abin da aka ba shi kiwo.

WA YAKE BIYA TUN DA CAN?

To, ɗan abin da ake yi don rage wannan asara, da kuɗin wa ake yin sa? A nan ne abin kunya yake. Shekara da shekaru, babban kaso na aikin yana tafiya ne da harajin mutanen wasu ƙasashe.

A 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa hukumar ba da agaji ta ƙasarsa, wadda aka sani da USAID. A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ware kwabo 70 cikin kowace Naira 100 ta abin da ƙasarsu ke samu don taimakon ƙasashe matalauta. Daga nan aka yi taron Nairobi na 1987 kan haihuwa lafiya, aka yi taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a da ci gaba, kuɗi suka riƙa shigowa. A 2023 kaɗai Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 600 a kan harkar lafiya a Nijeriya: maganin cutar ƙanjamau, gidan sauro, maganin tarin fuka, kula da masu ciki da jarirai.

Ingila ma ta yi nata. Da kuɗinta da na ƙasar Norwe aka farfaɗo da allurar rigakafi da kula da masu ciki a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara. Da kuɗinta aka ɗauko 'yan matan karkara daga 2012 aka shirya su shiga makarantun ungozoma da jinya, don mace ta sami mace 'yar'uwarta a asibiti. A irin waɗannan shirye-shirye ne aka koya wa direbobin tasha ɗaukar mai naƙuda cikin dare a kai ta asibiti. Aikin ɗinkin yoyon fitsari na Babbar Ruga ma, wani likita ne ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya kafa shi tun shekarun 1980, ya kuma horar da likitocinmu masu yawa. Magungunan tazarar haihuwa da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, mafi yawansu ta hannun Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya da sauran masu agaji suke zuwa.

Jam'iyyarmu ba ta butulci. Wanda ya yi maka rana ka yi masa godiya, kuma mun gode. Amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai zane yana iya aiko yaro ya karɓi abinsa ko da kana tsakiyar kasuwa.

RANAR DA MAI ZANE YA AIKO

Ga yadda abin yake a Amurka. Tun 1984, zamanin shugaba Reagan, suke da wata ƙa'ida da ake kira ƙa'idar birnin Meziko, wadda ta hana ba da kuɗi ga duk ƙungiyar waje da ke da hannu a maganar zubar da ciki, ko da da kuɗin kanta take yi. Rigimar cikin gidansu ce tsakanin manyan jam'iyyunsu biyu. Clinton ya soke ta a 1993, Bush ya maido ta a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya maido a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake maidowa a 2025. Duk sanda aka juya, sai wata ƙungiya da ke awon ciki a wani ƙauyen Afirka ta rasa kuɗi, ta rufe ƙofa. Wato manomin Amurka da bai taɓa jin sunan garinku ba, ƙuri'arsa ta fi taka ƙarfi a kan asibitin garinku.

Abin da ya faru a 2025 ya wuce duk na baya. Ran 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da shi, shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da agajin ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajensa, Marco Rubio, ya ba da sanarwar soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan USAID. Ran 1 ga Yuli aka rufe hukumar, bayan kusan shekara 64 tana aiki. Aka kuma yanke kuɗin da Amurka ke ba Asusun Kula da Yawan Jama'a. Ma'aikatan lafiya da ke karɓar albashi ta wannan hanya suka wayi gari babu aiki.

Ingila fa? A 2015 majalisarsu ta mai da alkawarin kwabo 70 ɗin nan doka. A 2021, bayan annobar korona, suka rage shi zuwa kwabo 50, kuma a shekarar nan suka zaftare kimanin kashi 85 cikin 100 na abin da suka yi alkawarin ba shirin sayen magungunan tazarar haihuwa na Majalisar Ɗinkin Duniya, daga fam miliyan 154 zuwa fam miliyan 23. A Fabrairun 2025 firayim minista Keir Starmer ya ce za a sake ragewa zuwa kwabo 30 daga 2027, a mai da kuɗin wajen soja da makamai. Ministar da ke kula da agaji, Anneliese Dodds, ta ajiye aikinta saboda haka, amma ba a fasa ba. Ka lura, jam'iyya ɗaya ce ta yi ragin farko, abokiyar hamayyarta ta yi na biyu. Faransa da Jamus da Holan su ma duk sun rage nasu.

A watan Disamba na 2025 an sa hannu a wata sabuwar yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar tsakanin Amurka da Nijeriya. Su za su kawo kimanin dala biliyan 2, mu kuma mu ƙara kusan dala biliyan 3 daga aljihunmu. Ko su masu bayarwar sun faɗa mana ƙarara ke nan: ku fara ɗaukar kayanku.

LAIFIN WA?

Kada ka ɓata bakinka wajen zagin Bature. Kuɗinsa ne, harajin mutanensa ne, su suka zaɓe shi, su zai yi wa bayani. Ba shi ya rantse da Alƙur'ani ko Baibul cewa zai kare rayukan 'yan Nijeriya ba. Waɗanda suka yi wannan rantsuwa suna nan gida, da ƙuri'armu suka hau.

A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga lafiya. A ina aka yi taron? A Abuja! Sunan babban birninmu alkawarin yake ɗauke da shi har gobe. Amma tun daga ranar, gwamnatoci sun zo sun wuce, jam'iyyu sun canji juna, babu shekarar da Gwamnatin Tarayya ta cika shi. Yawanci tsakanin kashi 4 ne da kashi 6. Wasu jihohi sun rubuta kashi 15 a takarda, to amma rubutawa daban, sakin kuɗi daban.

A 2009 an kafa shirin tura ungozomomi karkara da rarar kuɗin da aka samu bayan yafe mana bashi a 2005. Ya fara da kyau, daga baya alawus ya riƙa makara, masauki babu, ungozomomi suka tattara nasu ya nasu suka koma birni. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ƙananan asibitoci. Kashi ɗaya tak! Shi ma sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi. Shi ya sa har yau, cikin kowace Naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan, sama da Naira 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa. Ka kai matarka haihuwa, a miƙo maka takarda: sayo safar hannu, sayo auduga, sayo reza, sayo allura, nemo mai ba da jini, wani lokaci har man janareta.

Za su ce maka ai a Nuwamban 2024 an yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, a Fabrairun 2025 kuma majalisa ta ƙara dala miliyan 200 don cike giɓin da Amurka ta bari. Haka ne, an yi, kuma ba mu ƙi ba. Sai dai ka tambaye su: tiyata kyauta a babban asibiti me za ta yi wa matar da ke rugar da babu hanyar mota, babu ungozoma, babu wanda zai gane cewa naƙudar ta ɓaci? Kuma dala miliyan 200 ta shekara guda yaya za ta maye gurbin abin da ya ninka ta sau uku kowace shekara? A wannan kasafi na 2025 ɗin dai, kuɗin da aka ware wa tazarar haihuwa ya faɗo daga sama da Naira biliyan 2 zuwa abin da bai kai miliyan 70 ba, a daidai lokacin da baƙi ke janye nasu.

GA MASU CEWA "GARA DA SUKA TAFI"

Mun san akwai 'yan'uwa masu cewa Allah ya raka taki gona, dama makircin rage mana yawa suke yi. Ba mu raina wannan tsoro ba, yana da tushe. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Manufar ƙasa ta 1988 da ta yi maganar 'ya'ya huɗu ga kowace mace ita ma ta bar zargi a zukata. Amma mu tuna abin da zargi ya jawo mana. A 2003 aka ƙaurace wa allurar shan inna bisa jita-jitar tana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa, ta ƙetara har wasu ƙasashe, yaranmu suka nakasa. Sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da ita.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin magani daga hannun baƙo yake fitowa, da tambarin baƙo, da sharaɗin baƙo, jita-jita ba za ta ƙare ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuwa da kuɗinmu aka saya, likitocinmu suka duba, malamanmu da sarakunanmu suka zauna aka tsara, 'yar garinku ce ke bayarwa, to wa zai zo ya ce mana ga yadda za mu yi?

Jam'iyyarmu ba za ta ƙayyade wa kowa yawan 'ya'yansa ba. Wannan tsakanin miji da mata ne da Ubangijinsu. Abin da muke magana a kai shi ne hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma ba Bature ya koya mana shi ba. Addini ya san shayarwa ta shekara biyu. Kakanninmu sun san illar kwanika, shi ya sa mai jego ke tafiya goyon ciki da wanka gidan iyayenta, ta daɗe ba ta dawo ba. Mace ta huta, jininta ya dawo, na goye ya yi ƙwari kafin wani ya zo. Wadda ita da mijinta suka nemi taimako a kan wannan, hakkinsu ne su samu a asibitin garinsu, cikin sirri da mutunci.

KUƊIN AKWAI, ILMIN AKWAI

Kada wani ya ruɗe ka da cewa babu kuɗi. Kasafin Tarayya na 2025 ya kai kusan Naira tiriliyan 55. Sama da tiriliyan 14 biyan bashi aka ware wa, lafiyar mutum sama da miliyan 200 kuwa ba ta sami ko tiriliyan 3 ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kai ne ke biyan tsadar mota da ta hatsi, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja kuma ya ƙaru ƙwarai. A wannan shekara ta 2023 aka sayo wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, jaridu suka ce kowace ta kai kimanin Naira miliyan 160. Ka lissafa allurar tsayar da jini nawa kuɗin mota ɗaya zai saya.

Ilmi ma muna da shi. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka bayyana sakamakonsa a 2023. Sun nuna cewa in aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ta zubar, aka kuma ba ta magungunan gaba ɗaya nan take, munanan illolin zubar jini na raguwa da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa da allurai! Duniya ta karɓa, mu da aka yi abin a gidanmu me muke jira?

Sannan ga wani abin takaici. Ministan lafiya da bakinsa ya ce a 2025 likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya. Da kuɗin talaka aka koyar da su, yau suna duba marasa lafiya a Ingila da Amurka da Saudiyya. To, tsakani da Allah, wa ke ba wani agaji?

ALKAWARINMU

In kun ba mu amana, ga abin da za mu yi. Ku ajiye wannan takarda, ku riƙe mu da ita.

1. Za mu ɗaga kason lafiya kowace shekara har ya kai kashi 15 cikin 100 kafin ƙarshen wa'adinmu, kuma duk wata uku za a karanta a rediyo, da Hausa da sauran harsunanmu, nawa aka saki, ina ya tafi.

2. Za mu ninka kason ƙananan asibitoci da dokar 2014 ta tanada, kuɗin ya tafi kai tsaye asusun kowane asibiti, kwamitin mutanen gari, har da mata, su sa ido a kansa.

3. Kowace mazaɓa za ta sami asibiti aƙalla ɗaya mai aiki dare da rana, da ungozomomi ƙwararru, da ruwa, da wutar hasken rana, da masaukin ma'aikata.

4. Awon ciki, haihuwa, tiyatar haihuwa, ƙarin jini da ɗinkin yoyon fitsari za su zama kyauta, har da kayan aikin. Babu sauran miƙa wa miji takardar saye-saye.

5. Kowace ƙaramar hukuma za ta tura 'yan matanta makarantar ungozoma da jinya a kan kuɗin gwamnati, da sharaɗin su dawo su yi wa garinsu aiki.

6. Magungunan ceton mai haihuwa da na tazarar haihuwa za su sami layinsu a kasafi, mu saya da kuɗinmu, mu ƙarfafa masana'antun gida su riƙa yin su.

7. Wanda ya kawo mana taimako muna maraba, amma ya shigo cikin tsarinmu, a karanta sharuɗɗansa a gaban majalisa. Taimako zai zama ƙari a kan namu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

RANAR ZAƁE

Ɗan'uwa, duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, ko namu ne ko na wasu, yi masa tambaya uku. Kashi nawa za ka ba lafiya? Ungozoma nawa ke asibitin mazaɓar nan yau? Matarka a ina take haihuwa? In ya fara kame-kame, ka san amsa.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa tsayuwa a layi ranar zaɓe, cikin rana, da goyo a baya. Turmin atamfa wata nawa yake yi kafin ya koɗe? Wa'adin mulki shekara huɗu ne, a cikinsa wata za ta yi ciki biyu, 'yar da kika aurar bana za ta yi haihuwar fari. Ki tuna da ita sa'ad da kika shiga rumfa ke kaɗai.

Mutanen Amurka sun kaɗa tasu ƙuri'a, mutanen Ingila sun kaɗa tasu, kowa ya duba gidansa. Saura mu. Ka nemi katinka tun yanzu, ka fita da sassafe, ka fita da iyalinka, ka dangwala wa jam'iyyarmu daga sama har ƙasa, ka tsaya a ƙirga a gabanka. Ban da faɗa, ban da zagi, ban da sayar da 'yanci.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronsa. Amin.

In ka karanta, miƙa wa na kusa da kai.